Tsakanin ƙarin RAM da SSD: ka ɗauki SSD, ɗan'uwa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa karatu albarka, ya kai mu ranar munaƙasha, ranar kare risalar digiri, lafiya. Ka tambaya ko ƙarin RAM ko SSD ne zai rage wa laftof ɗinka nauyi. Tunda ka ce laftof ɗin taka RAM ɗinta giga 8 ne, faifan ajiyarta kuma irin na da ne mai juyawa, kuɗin hannunka kuma na abu ɗaya ne, to SSD za ka saya, wato sabon nau'in faifan ajiya da ba ya juyawa. Ba sai ka yi ta kai-kawo a shaguna ba.

Ni ma na taɓa tsayawa inda kake tsaye, lokacin da nake rubuta risalata a nan Madina, kuma RAM na fara saya. Na ɗora 8 a kan 8, ta koma 16, abin da ya canza kawai shi ne lambar da nake gani a allo. Har yau ina jin ciwon kuɗin nan.

Kafin in sa SSD, yadda nake yi shi ne in kunna na'urar in tafi alwala, in dawo in tarar tana ta nishi ba ta gama farkawa ba. Idan na buɗe Word da Maktaba Shamila, manhajar littattafan addini ta Larabci, da littafi biyu ko uku na PDF, sai in zauna ina kallon ɗan da'irar nan tana juyawa, tunanin da na zo da shi ya gudu. Akwai daren da mushrif ɗina, malamin da ke duba risalata, ya ce lallai da safe yake son babi na uku, na kusa yin hawaye a gaban na'urar nan. Wani ɗan'uwa ɗan Nijar da muke masaukin ɗalibai ɗaya da shi ya leƙo, ya kara kunnensa a jikinta ya ji tana ƙas-ƙas, ya ce mini faifan ne ya gaji, ba RAM ba. Bayan kwana biyu na sayo SSD ta Samsung mai giga 500, shi ya kwance mini da ɗan ƙaramin sukudireba a kan dardumar ɗakinmu, muka zuba Windows sabo. Da na danna maɓallin kunnawa, ban ko gama gyara zama ba ta buɗe. Wallahi sai da na kashe na sake kunnawa don in tabbata. Da ita na gama risalar, yanzu haka tana Kano wurin ƙanwata, tana karatunta da ita.

Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. RAM kamar allon almajiri take: abin da ake karantawa yanzu shi ke kanta, da an kashe wuta an wanke. Faifan ajiya kuwa shi ne akwatin littattafai, can komai yake kwana, daga Windows har risalarka. Idan allonka yana ɗaukar karatun yini ba tare da ya cika ba, ƙara masa faɗi ba zai sa a ɗauko littafi daga akwati da sauri ba. Kai matsalarka wurin ɗaukowa take. Faifan da ke cikin yawancin tsofaffin laftof yana juyawa sau 5,400 a minti, da wata allura da ke bin sa tana neman bayani, kuma abin da yake iya karantowa bai wuce mega 100 da 'yan kai a daƙiƙa ba. SSD mafi sauƙin kuɗi, irin mai haɗin SATA, tana kai wa mega 500 zuwa 550. Amma babban bambancin ma ba a nan yake ba. Windows idan zai tashi, dubban ƙananan fayiloli yake tattarowa daga nan da can, allurar kuma sai ta je kan kowanne ɗaya bayan ɗaya. SSD ba ta da allura, ba abin da ke motsi a cikinta. Shi ya sa kuma ba ta jin jijjiga, ga wanda kullum na'urarsa tana jaka tsakanin Jami'a da Harami.

Kada ka ɗauki maganata kawai, ka gwada da kanka. Lokacin da laftof ɗin ta fara nauyin nan, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito, ka shiga Performance. Idan ka ga Disk ya manne a 100%, Memory kuwa tana wajen rabi ko sama kaɗan, an gama magana.

Wajen saye, ka tafi da lambar samfurin laftof ɗin, tana rubuce a ƙarƙashinta. SSD ɗin da ake kira mai inci 2.5 ita ce za ta zauna daidai inda tsohon faifan yake. Akwai kuma 'yar siririya da ake kira M.2, tsawon yatsa, ita ma kala biyu ce, SATA da NVMe. NVMe tana iya kai wa mega 3,500 ko fiye, amma sai na'urarka tana da gurbinta, kuma a aikin Word da Shamila ba za ka ji bambancin ba sosai. Ka nemi giga 500 ko 512. Mai 256 za ta cika maka da wuri, mu da muke tara littattafan da aka ɗauka hoto, mujalladi ashirin-ashirin. Samsung ko Kingston ko WD, duk wadda kuɗinka ya kai. Tsohon faifan kuma ka saya masa ɗan gidansa mai igiyar USB, ya koma wurin ajiye kwafin aikinka.

RAM tana da ranarta, ba zan hana mata ba. Da giga 4 ka ce, da na ce ka haɗa duka biyun ko da rance ne, don Windows da Chrome kaɗai sun isa su cinye ta. Masu haɗa bidiyo ma suna bukata. Ranar da za ka ƙara, ka sani DDR3 da DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna, tsagar da ke bakinsu ba wuri ɗaya take ba, wasu na'urorin kuma a liƙe take da allon ciki, ba a ƙarawa sam.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma ba zan yi shiru ba, saboda na ga yadda ake yi wa sababbin ɗalibai da alhazai. Wasu masu shago da sun ji Larabcinka na littafi ne, sun san baƙo ne ya zo. Abu na farko, kalmar "zakira" suna faɗinta ga RAM, suna faɗinta ga wurin ajiya, sai mutum ya ji "zakira 256" ya ɗauka ya samu wani abin kirki. Ka ce a bambance maka: RAM nawa, ajiya nawa, SSD ce ko mai juyawa. Na biyu, ana cire tsohuwar SSD daga na'urorin da kamfanoni suka zubar, a goge, a sa a leda a ce sabuwa ce. Ka sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce, za ta nuna maka awa nawa faifan ya yi yana aiki da lafiyarsa. Sabuwa ba za ta nuna awa dubbai ba. Na uku shi ne na jabu, wadda aka rubuta mata tera 1 ko 2 da araha mai ban mamaki, musamman a tallace-tallacen intanet, alhali cikinta ɗan mitsitsi ne. Windows zai nuna maka babbar lamba, ka yi ta zuba fayiloli, ranar da ka zo buɗewa ka tarar sun lalace. H2testw tana tona asirin irin waɗannan, don cika faifan take yi ta sake karantawa.

Kuma kada ka bar laftof ɗinka a shago ka ce za ka dawo bayan Isha'i. Wani abokina ya bar tasa, ya dawo an musanya masa RAM da wata mai rauni, bai gane ba sai bayan watanni. Ka tsaya a yi aikin a gabanka, minti kaɗan ne. Ka karɓi tsohon faifanka a hannu, ko da sun ce za su rage maka kuɗi idan ka bar musu. Risalarka tana ciki, hoton iƙamarka da fasfo suna ciki, hotunan iyalinka suna ciki. Ka karɓi fatura, wato rasit, mai lambar QR, a rubuta maka tsawon garanti a jiki. Idan aka cuce ka, Ma'aikatar Kasuwanci ta Saudiyya tana karɓar ƙorafi a lamba 1900, amma da fatura za ka tsaya. Akwai masu gaskiya da yawa a kasuwar, mai gaskiya kuwa ba ya jin haushin a gwada kayansa.

Bayan ka sa, gara ka zuba Windows sabo a kan ka kwafo tsohon da duk tarkacensa. Ka ce wa masu shagon kada su cika maka ita da manhajojin sata da suke kira kyauta, ta nan cuta ke shiga. Windows Security da ke zuwa da na'urar ya ishe ka idan kana barin sa yana sabuntawa. Manhajojin nan masu cewa za su wanke RAM ko su ƙara sauri, ka cire su, nauyi suke ƙarawa. A Task Manager ɗin nan akwai Startup, ka kashe duk abin da ba ka bukatar ya tashi tare da na'urar. SSD ba ta bukatar ka riƙa jera mata fayiloli kamar yadda ake yi wa tsohon faifai, Windows yana kula da ita da kansa, kai dai kada ka cika ta maƙil. Ƙurar Madina da zafinta kuma ba sa raga wa fanka, ka daina ɗora laftof ɗin a kan katifa, ka sa a hure mata ƙura lokaci-lokaci.

Ka duba kuma wane Windows kake kai. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 yana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin na'ura, idan kuma furosesar Intel ce, yawanci daga zubi na 8 (8th Gen) zuwa sama. Idan taka ba ta kai ba, SSD ɗin ba ta yi asara ba, za ka iya cire ta ka sa ta a na'urar da ka saya nan gaba idan tana da gurbinta.

Aibi ɗaya da na sani game da SSD shi ne ba ta cika yin gargaɗi ba. Tsohon faifai yakan yi ƙara kafin ya mutu, ita kuwa takan ɗauke ne kawai, kuma ciro bayani daga cikinta yana da wuya da tsada. Saboda haka tun daren yau, kafin ma ka je kasuwa, ka kwafi risalar a filas, ka kuma tura wa kanka ita ta imel ko ka ɗora a Google Drive, ka riƙa yin haka duk babin da ka gama. Ka turo mini lambar samfurin a nan in duba maka ko mai inci 2.5 ce ko M.2. Idan kana Madina ranar Alhamis bayan La'asar, ka zo da ita, sukudireban yana nan.