Aikin jinya a lungunan Ostireliya: ta kamfanin dillanci ko kai tsaye?

Tun watan Afrilun 2025 hukumar rajistar ma'aikatan lafiya ta Ostireliya, AHPRA, ta sauƙaƙa shiga ga nas ɗin da ke da rajista kuma ya yi aikin awa 1,800 a ƙasashe irin su Birtaniya, Ayalan, Amurka da Singafo. Shi ya sa 'yan uwanmu da ke aiki a asibitocin Ingila suka fara leƙen can, kuma tallan da ya fi jan ido shi ne na kamfanonin dillancin ma'aikata: kwangilar 'yan makonni a ƙauye mai nisa, kuɗin jirgi a kansu, masauki a kansu, albashin awa mai tsoka. Akwai gaskiya a tallan. Sai dai hanyoyin shiga aikin uku ne, kuma wadda ta fi biya a awa ba ita ce ta dace a fara da ita ba.

A fara sanin irin aikin. Gwamnatin ƙasar ta kasa garuruwa aji bakwai gwargwadon nisansu da girmansu, daga MM1, wato manyan birane, zuwa MM7. Asibitin ƙaramin gari mai aji 4 ko 5 yana da gadaje, da likita, da abokan aiki. Ɗakin shan magani a MM7, a tsakiyar hamada ko a yankin Kimberley da ke arewa maso yammacin ƙasar, wata duniya ce: nas biyu ko uku, mazauna galibi 'yan asalin ƙasar ne wato Aborijin, likita kuma sau da yawa ta waya ake samunsa. Ku ne masu duba mara lafiya, ku yanke shawara bisa littafin ƙa'idar magani na CARPA, ku riƙe wanda ya yi haɗarin mota har jirgin ɗaukar marasa lafiya na Royal Flying Doctor Service ya sauka, kuma hakan kan ɗauki sa'o'i. Wanda ya taɓa riƙe asibitin sha-ka-tafi a karkara shi kaɗai da dare zai gane nauyin, ko da yake kayan aikin can sun fi.

Hanya ta farko ita ce kamfanin dillanci, wanda ke ɗaukar nas a matsayin ma'aikacin wucin gadi. Ƙarin kashi 25 cikin ɗari da aka saba ɗorawa a kan albashin irin wannan ma'aikaci ba kyauta ba ne, madadin hutu ne. Ma'aikacin dindindin doka ta ba shi aƙalla mako huɗu na hutun shekara da kwana 10 na rashin lafiya, duk da biya. Na wucin gadi in ya kwanta ciwo, ko aka samu giɓin wata guda tsakanin kwangila da kwangila, aljihunsa ne zai ji. Kuɗin fansho na kashi 12 cikin ɗari dole ne a biya wa kowa, amma ku tambaya ko adadin da aka rubuta a talla ya haɗa da shi ko a kansa za a ɗora. Abin da kamfani ke sayarwa na haƙiƙa shi ne 'yanci. Ku zaɓi lokacin aiki, ku ƙi wurin da bai yi muku ba, ku ware watan azumi ko lokacin aikin Hajji ba tare da roƙon kowa ba. Ga mai iyali a birni, ko mai son zuwa gida ya daɗe, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Hanya ta biyu ita ce ma'aikatar lafiya ta jiha ko yanki, kamar ta Yankin Arewa ko ta Queensland ko ta Yammacin Ostireliya. Albashin awa bai kai na kamfani ba, amma akwai hutu, da alawus na nisa, da horo kafin a tura mutum, da damar hawa mataki. Akwai kuma rangwamen haraji: ma'aikacin asibitin gwamnati yana iya ware har dalar Ostireliya 9,010 a shekara daga albashinsa don biyan haya ko bashi kafin a cire haraji.

Ta uku ita ce ta fi burge ni, kuma ita ce baƙi suka fi rashin sani. Al'ummomin Aborijin suna da cibiyoyin lafiya nasu na kansu, masu kwamitin gudanarwa daga cikin jama'ar gari, irin su Central Australian Aboriginal Congress da ke Alice Springs tun 1973, da KAMS a Kimberley. A irin waɗannan cibiyoyi rangwamen harajin kan kai dala 15,900. In aka haɗa shi da hutu da gida, ratar da ke tsakaninsu da kamfani tana raguwa sosai. Ku ɗauki biro ku yi lissafin shekara guda cur, ba na mako ba.

Ga sabon zuwa, maganar biza ce ma ke yanke hukunci. Yawancin aikin wucin gadi na wanda ya riga ya mallaki izinin aiki ne, kuma kamfanoni na neman gogewar shekaru, musamman a sashen gaggawa. Kwasa-kwasan CRANAplus, ƙungiyar ma'aikatan lafiya na yankuna masu nisa, kan agajin gaggawa da kan matsalar haihuwa a wuri mai nisa, kusan ko'ina ana tambayarsu. Duk wanda ya nemi ku biya shi kuɗi don ya sama muku kwangila, ku guje shi. Asibiti ne ke biyan kamfani, ba nas ke biya ba.

Sai tsaro, wanda bai kamata a saya da kowane farashi ba. A watan Maris 2016 aka kashe wata nas, Gayle Woodford, a ƙauyen Fregon da ke Kudancin Ostireliya, a daren da take kan jiran kira ita kaɗai. Dokar da jihar ta kafa da sunanta ta wajabta a samu mai rakiya idan an kira ma'aikacin lafiya na wuri mai nisa bayan tashi daga aiki. Dokar ta wannan jihar ce. A wasu wuraren ƙa'idar ma'aikata ce ke aiki. Kafin sa hannu, ku nemi a rubuce: wa ke raka ni da dare, nas nawa ke raba jiran kira, nawa ake biya idan an tashe ni, kuma awa nawa zan huta kafin na koma da safe? Ma'aikacin kamfani ya fi buƙatar waɗannan amsoshi, domin shi ne baƙon da bai san gida ko ɗaya a garin ba.

Akwai ɓangaren da lissafin albashi ba ya nunawa. Wani bincike kan ɗakunan shan magani na gwamnati a lungunan Yankin Arewa ya gano cewa nas ɗaya cikin biyar ne kawai ke nan a wuri guda bayan wata 12. Su waye ke ɗaukar asarar? Yaron da ciwon zuciya ya kama sakamakon zazzaɓin gaɓoɓi yana buƙatar allurar fenisilin mai zafi duk bayan kwana 21 zuwa 28, shekara da shekaru. Ba zai riƙa zuwa wurin baƙuwar fuska kowane wata cikin daɗin rai ba, kuma allura ɗaya da aka tsallake tana iya ƙara lalata masa zuciya. Haka masu ciwon sukari da na ƙoda, waɗanda suke da yawa a can.

Shawarata ke nan: ku fara da shekara ɗaya ko biyu a asibitin babban gari na yanki, kamar Alice Springs ko Broome ko Mount Isa, a ƙarƙashin gwamnati, ku koyi tsarin da mutanen. Daga nan, in zaman wuri ɗaya zai yiwu, ku nemi cibiyar al'umma. In kuma kamfani ne ya dace da rayuwarku, ku nemi wanda zai riƙa mayar da ku ɗakin shan magani guda, mako shida ko takwas a kowane zuwa. Kwangilar farko kada ta faɗo a daminar arewacin ƙasar, daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da ruwa ke yanke hanyoyi har jirgin ma yakan kasa sauka.