Abin da na gani bayan zama 24 na gashin haske saboda soriyasis

Shekara shida ina fama da soriyasis, ciwon da ke sa garkuwar jiki ta riƙa gaggauta fitar da ƙwayoyin fata cikin kwana uku zuwa huɗu maimakon kusan wata guda, har su taru su zama ɓawo mai kauri a gwiwar hannu da gwiwar ƙafa da gadon baya. A baƙar fata tabon ba ja yake fitowa ba, duhu ne mai toka-toka, shi ya sa wasu suka ɗauke shi makero, wasu kuma suka daina miƙo mini hannu, alhali ciwon ba ya yaɗuwa. Mayukan da na daɗe ina shafawa sun fara sirantar da fatata, sai likitan fata ya ba ni shawarar gashin haske.

Na'urar tamkar ɗaki ce ƙarama da mutum zai tsaya a ciki, kewaye da dogayen fitilu masu fitar da hasken UVB, wani nau'in haske da ake samu a cikin hasken rana, wanda ke rage kumburi da saurin tsirowar fata. Ana ba ni tabarau na kare ido, ina rufe al'aura, sannan a kunna. Zaman farko bai kai minti ɗaya ba, har na yi tantama, amma a hankali ake ƙara lokacin gwargwadon yadda fata ta ɗauka.

Sau uku a mako nake zuwa. Mako uku na farko ban ga komai ba sai bushewa da ƙaiƙayi, kuma sau ɗaya bayana ya yi zafi kamar ƙunar rana, aka rage mini lokaci. Man kaɗanya bayan kowane zama ya taimaka ƙwarai. Daga zama na 12 ɓawon ya fara kwanciya, kuma kafin na kammala na koma sa riga mai gajeren hannu, abin da na yi shekaru ban yi ba.

Wahalar gaske ita ce zirga-zirga, domin asibitin yana da nisa, kuma wanda ke tsallake zama ba zai ga amfani ba. Fatata ta ƙara duhu, wuraren tabon kuma sun bar shaida. Likita ya faɗa mini tun farko cewa gashin yana kwantar da ciwon ne, ba ya kawar da shi, kuma da hunturun bana ya shigo, ɓawo ya fara leƙowa a gwiwar hannuna ta dama. Na riga na karɓi ranar komawa.