Na'urar Blu-ray Ko Ta 4K, Da Wace Waya Za a Haɗa Ta?

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce ka sayi talabijin mai 4K inci 55, amma har yanzu tsohuwar na'urarka ta DVD ce a jikinsa, da wayar nan mai kai uku, rawaya da ja da fari, hoton kuma dishi-dishi yake fitowa. Tambayarka biyu ce: ka sayi na'urar Blu-ray ko ta 4K, sannan ko wayar HDMI mai kan ruwan zinare da ake tsauwala wa kuɗi ta fi sauran fitar da hoto.

Kada ka ga laifin talabijin ɗin. Hoton da ke cikin faifan DVD ɗigo 720 ne a kwance da 576 a tsaye, na Amurka ma 480 ne. Allonka kuwa 3840 ne a kwance da 2160 a tsaye, sama da ɗigo miliyan takwas, wato ninki ashirin na abin da faifan ke ba shi. Dole ya miƙar da ɗan wannan hoton har ya cika allo. Ga kuma wayar rawaya da ke cusa haske da launi a hanya guda, su isa a cakuɗe. Ko ba ka sayi komai ba, leƙa bayan tsohuwar na'urar. In tana da ramin HDMI, canza waya kawai zai rage dishi-dishin yau ɗin nan.

Blu-ray ya fito a 2006. Faifansa na ɗaukar gigabait 25 ko 50, alhali na DVD 4.7 ne ko 8.5, hotonsa kuma 1920 ne da 1080. Shekara goma bayan haka, a 2016, aka fitar da Ultra HD Blu-ray, wanda ake kira na 4K, akasarin faifansa gigabait 66 ko 100, hotonsa daidai wa daida da allonka. Abin da za ka riƙe shi ne, na'urar 4K tana buga faifan 4K da na Blu-ray da DVD duka, amma ta Blu-ray zalla ba za ta ko karanta faifan 4K ba. In kuma wani ya kawo maka tsohuwar na'ura da aka rubuta HD DVD a goshinta, bar masa kayansa. Tun 2008 Toshiba ta janye daga wannan tsarin, ba a ƙara buga faifansa ba.

Mutane da yawa na ɗauka yawan ɗigo ne ribar 4K. A ganina ba nan gizo ke saƙar ba. In kujerarka na da nisan mita uku daga allo mai inci 55, da ƙyar idonka zai raba kaifin Blu-ray mai kyau da na 4K. Inda za ka ga bambanci ƙarara shi ne a HDR, wato tsarin da ke faɗaɗa tazarar da ke tsakanin haske da duhu a hoto. Ka ɗauki wurin da ake nuna dare, mutum na tafe da fitila a hannu. A Blu-ray, ko dai duhun ya haɗiye fuskarsa, ko fitilar ta zama farin tabo kawai. Da HDR fitilar za ta yi ƙyalli kamar a gabanka take, kuma kana ganin ninkin rigarsa a cikin duhun. Blu-ray na 1080 ba shi da wannan sam. Sai dai HDR na son talabijin mai ƙarfin haske. Akwai masu 4K da ke karɓar saƙon amma haskensu bai kai ba, sai hoton ya fito ya fi na da duhu. Gwada naka da wani bidiyon HDR tukuna kafin ka kashe kuɗi.

Shi HDR ɗin ma iri-iri ne. HDR10 kowace na'urar 4K tana da shi. Dolby Vision da HDR10+ su ne ƙari, suna daidaita haske daga wannan fage zuwa wancan. Talabijin ɗin Samsung ba ya karɓar Dolby Vision, HDR10+ yake yi, na LG da Sony kuwa Dolby Vision suke bi. Don haka duba takardar talabijin ɗinka, kada ka biya kuɗin abin da allonka ba zai nuna ba. Masu ƙera na'urorin ma sun ragu: Oppo ya daina a 2018, Samsung ya bi bayansa a 2019. Cikin waɗanda aka sani, Panasonic DP-UB820 tana yin Dolby Vision da HDR10+ duka biyun, Sony UBP-X700 tana yin Dolby Vision amma da hannunka za ka riƙa kunna shi kana kashewa. In kuma akwai PlayStation 5 mai ramin faifai ko Xbox Series X a gidan, to kana da mai buga faifan 4K tun tuni, illa dai ba sa fitar da Dolby Vision daga faifai. PlayStation 4 kuwa Blu-ray da DVD kawai take bugawa, ban da faifan 4K.

Akwai kuma maganar yanki, wadda ke ba mutane haushi bayan sun riga sun saya. An raba Blu-ray gida uku: A na nahiyar Amurka da Japan da Koriya, B na Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostareliya, C na Sin da Rasha da Indiya. Faifan da aka kulle a A ba zai buɗe a na'urar B ba. Faifan 4K ba a kulle shi, amma na'urar 4K ɗin tana nan da kullenta in ka saka mata Blu-ray ko DVD.

To waya fa? Wayar nan mai kai ja da kore da shuɗi ta fi rawaya nesa ba kusa ba, tana iya ɗaukar hoton 1080, amma zamaninta ya wuce. Saboda dokar hana kwafar fina-finai, na'urorin Blu-ray da aka ƙera daga 2014 ba a sa musu waɗannan ramukan. HDMI ce kawai hanya, hoto da sauti a waya ɗaya.

Nan nake so ka saurare ni da kyau, domin nan aka fi cutar mutane. HDMI lambobi take kaiwa, sifili da ɗaya. In sun isa, hoton ya fito cif yadda yake a faifai. In ba su isa ba, za ka ga fararen ɗigo na tartsatsi a allo, ko hoton ya riƙa ɗaukewa, ko allon ya yi baƙi. Babu wayar da za ta ƙara wa ja ja ko ta ƙara wa baƙi zurfi. Ruwan zinaren tsatsa yake hanawa, iyakarsa ke nan. Abin dubawa shi ne rubutun kwali. High Speed tana ɗaukar gigabit 10.2 a daƙiƙa, ta ishi Blu-ray. Premium High Speed na ɗaukar 18, ita ce ta faifan 4K mai HDR, kuma ta gaske tana da tambari mai lambar QR da za ka iya tantancewa da wayar hannu. Ultra High Speed mai 48 ta masu wasan bidiyo ce da ke neman hoto 120 a daƙiƙa, faifai ba ya buƙatarta. Ita ma mai arhar da ba a rubuta mata komai ba, ban ce ka ɗauka ba. Tsawo kuma shi ne abokin gaba: mita ɗaya ko biyu ba matsala, in za ta kai mita goma sai ka nemi mai zaren gilashi, ka kuma lura da kibiyar jikinta, don kai ɗaya na na'ura ne ɗaya na talabijin.

Da ni ne kai, in faifan DVD ne cike da kabad ɗina kuma ba ni da hanyar samun na 4K, Blu-ray zan saya, ragowar kuɗin in tara faifai. In kuwa talabijin ɗin na da haske kuma faifan 4K na samuwa, ta 4K zan ɗauka da Premium High Speed mai mita biyu. Bayan ka haɗa, shiga saitin talabijin ka buɗe wa ramin da ka soka wayar cikakken ƙarfinsa, don da yawa a rufe suke zuwa. Samsung na kiransa Input Signal Plus, LG kuma HDMI Ultra HD Deep Colour. In sauti zai bi ta wata na'urar lasifika kafin ya kai talabijin, tabbatar ita ma tana da HDCP 2.2, wato tsarin hana kwafa da faifan 4K ke buƙata, in ba haka ba faifan 4K ɗin zai sauko maka zuwa 1080 ko ya ƙi nunawa gaba ɗaya.