Kafin ka sai littafin rage tumbi, duba waye ya rubuta shi

Jama'a salamu alaikum. Maganar masu son sayen littafi ko tsarin motsa jiki nake son mu ɗan taɓa, don yanzu a Sakkwato duk wanda ya auna jini aka ce mai ya fara hawa, ko tumbi ya fara ɗaga mai riga, sai ka ga ya bazama neman abin karantawa, wasu suna turo kuɗi Legas a aiko musu littafi, wasu kuma PDF suke saye hannun koci a WhatsApp. Ni dai shawarata kafin ka fidda ko kwabo, ka fara sanin mutumin da ya rubuta abin, mi ya karanta, a wace ƙasa ya zauna, mi yake ci, kuma ya aka yi ya ƙare. Wallahi rayuwar marubucin ta fi bangon littafin gaya maka gaskiya.

Bari in fara da wanda na fi natsuwa da irinsu, wato likitoci. Akwai Kenneth Cooper, likitan sojan sama na Amurka, shi ya fito da littafin Aerobics a 1968, kuma daga nan ne maganar motsa jiki don lafiyar zuciya ta bazu duniya. Abin da ya sa nake son tsarinsa shi ne ba alƙawarin banza a ciki, aunawa ce kawai, akwai gwajin da ake kira da sunansa har yau, ka yi gudu ko tafiya iya ƙarfinka na minti 12 a ga nisan da ka ci, bayan wasu makonni ka sake ka gani ko ka ƙaru. Wanga abu ba ya buƙatar inji ba ya buƙatar wutar lantarki, fili kawai da agogon waya, in kana kusa da filin wasa na Giginya ma shi ke nan. Illar irin waɗannan littattafai ita ce gundura, tebur ne da lambobi cike, Turancin ma ba mai sauƙi ba, kuma tsoho ne don haka wasu bayanan an riga an sabunta su. Amma in dai kai mai haƙurin karatu ne to kuɗinka bai faɗi ba.

Sai kuma masu rubutu daga abin da ya faru da su, ba don sun karanci likitanci ba. Babban misali Jim Fixx, editan mujalla ne a Amurka, mai ƙiba ne sosai yana shan kwalin taba biyu a rana, sai ya fara gudu a 1967 yana ɗan shekara 35, ya rame ya bar taba, a 1977 ya rubuta littafi kan gudu da aka sayar da sama da miliyan ɗaya. To a 1984 yana cikin gudun nasa a jihar Vermont zuciya ta buga ya faɗi ya mutu yana da shekara 52, da aka bincika gawar aka tarar jijiyoyin zuciyar sun toshe, kuma ashe mahaifinsa ma ciwon zuciya ya kashe shi yana ɗan 43. Mutane da yawa in sun ji wanga labari sai su ce ka gani ko, gudu ma kisa yake, a'a Malam ba haka ba ne, abin da ya gada da tabar da ya sha shekara da shekaru suna nan, gudun bai goge su ba. Irin littafinsu yana da daɗin karatu, yana sa ka ji kamar ka tashi yanzu ka ɗaura takalmi, don haka in matsalarka kasala ce zai maka amfani, sai dai fa labarin jikin mutum ɗaya ne, ba naka ba. In a gidanku akwai masu hawan jini ko wanda ya yanke jiki ya faɗi, to kafin littafin ka fara zuwa asibiti a auna ka, ko asibitin koyarwa na UDUTH ko wanda ke kusa da kai, in awon jinin yana kai 140/90 ko sama ba littafi ne farkon abin da kake buƙata ba.

Wanda ya fi ɗaukar hankalin mutanenmu kuwa shi ne Michael Mosley, ɗan Ingila da ya karanci likitanci sannan ya koma aiki da BBC. A 2012 aka ce mai yana da ciwon suga, ya gwada rage cin abinci a kansa har sugan ya sauka, daga nan ya yayata tsarin nan na 5:2, wato kwana 5 ka ci kamar kullum, kwana 2 a mako ka tsaya a kalori 600 in namiji ne, mace kuma 500, kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Kowa ya ji haka a nan sai ya ce ai azumin Litinin da Alhamis ne suka ɗauka, eh akwai kama gaskiya, amma akwai bambanci babba, shi a nasa ana shan ruwa duk yini kuma abin da za ka ci a ranar ɗan kaɗan ne ƙwarai, mu kuwa in aka sha ruwa da magariba sai kunu da ƙosai da soyayyen dankali da lemun kwalba su sauka lokaci ɗaya, har a ci abin da ya fi na ranar da ba a yi azumi ba. Don haka in ka sai littafinsa, abin da za ka ɗauka shi ne ya za ka yi da farantin buɗa baki, ba wai azumin ba, wanga mun riga mun iya. Masu allurar insulin ko ƙwayar suga, da masu ciki da masu shayarwa, don Allah kar ku taɓa wanga tsari sai da likita, suga na iya faɗuwa ƙasa mutum ya suma.

Kuma ga abin da ya shafe mu kai tsaye, shi wanga bawan Allah Mosley a watan Yuni 2024 ya fita tattaki da tsakar rana a tsibirin Symi na ƙasar Girka lokacin ana zafi mai tsanani, bai dawo ba, sai bayan kwanaki aka tsinci gawarsa, yana da shekara 67, kuma zafin ranar na cikin abin da aka fi zargi. To mu nan daga Maris zuwa Mayu zafi na yawan kai digiri 40 har ya wuce, littafin da aka rubuta a London zai ce maka ka fita tattaki bayan cin abincin rana, kai ka san in ka bi wannan a Afrilu a unguwar Mabera ko Arkilla sai dai a kwaso ka. Duk wani tsari da ka saya sai ka mai da shi bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, lokacin hunturu kuma ƙura ce matsalar, mai asma ya yi nasa a ɗaki.

Yanzu kuma kocin intanet, masu PDF da guruf na WhatsApp da bidiyon TikTok. Ba zan ce duk na banza ne ba, akwai na kirki, kuma sun fi Turawan nan a abu ɗaya muhimmi, sun san tukunyarmu. Littafin waje zai ce ka ci wani ganye ko wani kifi da ko a babbar kasuwa ba ka taɓa gani ba, shi kuwa na gida zai ce maka rage malmalar tuwon shinkafa daga uku zuwa ɗaya da rabi, ƙara zogale da wake, sha furarka amma bar zuba mata suga cokali huɗu, rage magi da gishiri tunda Hukumar Lafiya ta Duniya WHO cewa ta yi kar gishirin yini ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya kenan. Matsalar ita ce cinikin biri a sama ne, ka tura kuɗi kafin ka ga ko shafi ɗaya, kuma da yawa kwafo abin suka yi daga wani wuri suka liƙa hotonsu. Ka ce a nuna maka shafi biyu ko uku tukuna, ka tambayi mi ya karanta kuma a ina, mai abin gaske ba zai ji haushi ba. In kuwa ka ga tsarin ba ya tafiya sai ka sai shayinsa ko wani gari a leda, ko ya ce kilo 10 a sati biyu, to ka riƙe kuɗinka, yawancin shayin nan na sa gudawa ne da yawan fitsari, ruwan jikinka ne ke fita sikeli ya nuna ka ragu, a zafin garin nan kuma ƙoda ce ke shan wahala. Ko da lambar NAFDAC a jiki ba ta nufin zai narkar da kitse.

Hajiyoyinmu kuma ku duba ko tsarin ana iya yinsa a tsakar gida ko cikin ɗaki ba tare da inji ba, don wanda ya ce sai kin je jim, wato gidan motsa jiki, sau biyar a mako kin san bayan sati biyu an bar shi, igiyar tsalle da tabarma sun isa, in gwiwa na ciwo a bar tsallen a yi tafiya.

To wanne za a saya? In ni ce zan kashe kuɗi sau ɗaya, na likita zan ɗauka ko da gwanjo ne, don sanin dalilin abu, sannan maganar abinci in nemi mai ilimin abinci a asibiti ko kocin gida da ya yarda ya nuna takardunsa. Kuma ko wanne ka ɗauko ka gwada shi da ma'aunin WHO, minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici kamar tafiya da sauri, da kwana 2 na aikin ƙarfafa tsoka, in abin da ke cikin littafin ya yi nesa da wanga sosai ta sama ko ta ƙasa to da alamar tambaya. Sikeli ma ba dole ba ne ka saya yanzu, tef ɗin tela ya wadatar, ka auna ƙugunka daidai wajen cibiya da safe kafin ka ci komai, abin da ake so kar ya kai rabin tsawonka, wato mai tsawon santimita 170 ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 85.