The Lion in Winter: na 1968 ko na 2003?

Ɗan'uwa, ka tambaye ni wanne ya fi cikin fina-finan nan biyu, da kuma ko labarin ya faru da gaske. Ka fara da na 1968.

Labarin ɗaya ne, daga wasan kwaikwayon James Goldman. A Kirsimetin 1183 Sarki Henry na Biyu na Ingila ya tara iyalinsa a fadar Chinon da ke Faransa, bayan rasuwar magajinsa a watan Yuni. Shi yana son autansa John ya gaje shi. Uwargida Eleanor, wadda ya kulle shekara goma saboda hannunta a tawayen 1173, ɗansu Richard take so. Geoffrey na tsakiya ba mai waiwayarsa, sai ya koma ƙulla makirci. Ga kuma Sarki Philip na Faransa yana cewa ko a ɗaura auren 'yar'uwarsa Alais da ɗan Henry, ko a mayar masa da yankin Vexin. Ka riƙe Vexin da Aquitaine, ƙasar Eleanor, a ranka, don duk cinikin a kansu ake yi. Wanda ya manta da su zai ɗauka faɗan gida kawai yake kallo.

Bambancin yana ga shekaru. Henry yana da 50 a lokacin, Eleanor ta girme shi da kusan goma. A na 1968 Peter O'Toole (Henry) bai kai 40 ba, Katharine Hepburn (Eleanor) tana da 61, don haka idan ya tsorata ta da cewa zai auri Alais ya haifi sababbin magada, za ka yarda zai iya. Duba yadda yake fasa ƙanƙarar kwano da hannu ya wanke fuska, karnuka da kaji na yawo a fada. A na 2003 Patrick Stewart (Henry) ya haura 60, ya girmi Glenn Close (Eleanor), sai barazanar ta rage kaifi. Close ta yi ƙoƙari ƙwarai, hoton ma ya fi tsabta, amma fim ɗin ya fi tsawo kuma yana jan ƙafa. Na farkon ya ci kyautar Oscar uku, ciki har da na Hepburn.

Taron Chinon ƙirƙira ne, mutanen da rikicinsu gaskiya ne. Geoffrey ya rasu a 1186, Richard ya hau gadon sarauta a 1189, John ya gaje shi a 1199.

Akwai zancen zaman daduro da maganganun manya a duka biyun, kada ka kunna a gaban yara.