Kwana biyar ina cin abincin teku a Penang: inda kuɗina ya biya da inda bai biya ba

Ga wanda ya tashi a Kano kamar ni, kifin teku shi ne wanda ake saukewa daga motar ƙanƙara cikin kwali, ya sandare kamar itace, sai an tsoma shi a ruwa ya saki kafin wuƙa ta shige shi. Tarwaɗa da karfasa mun san su da ransu, domin ana kawo su daga Tiga da sauran madatsun ruwa, amma jatan lande sai busasshe a kasuwa, kaguwa kuwa da yawanmu ba mu ɗauke ta abin ci ba. Shi ya sa da na je tsibirin Penang a ƙasar Malesiya domin duba ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'ar Universiti Sains Malaysia, na gaya masa tun a filin jirgi cewa ba zan ci abincin otal ba, ina so ya kai ni inda mutanen garin suke cin nasu. Ya ce, "Kawu, in dai haka ne, sai ka shirya zama a kan kujerar roba, kuma ka shirya yin tambaya kafin kowace loma." Kwanaki biyar da na yi sun gaskata maganarsa, musamman ɓangarenta na biyu.

Babban birnin tsibirin, George Town, tsohuwar tashar jiragen ruwa ce da Turawan Ingila suka kafa a 1786, kuma UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2008 tare da birnin Melaka. Kasuwanci ya tara Malayawa da Sinawa da Indiyawa a wuri guda, kowa ya zo da tukunyarsa, shi ya sa a layi ɗaya za ka tarar da rumfuna sama da goma, babu biyu da suke sayar da abu iri ɗaya. Wannan cakuɗuwar ita ce daɗin wurin, ita ce kuma ke sa baƙo Musulmi ya buɗe ido.

Game da halittun ruwan su kansu ban samu wani ɗar-ɗar ba. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, aya ta 96 a Suratul Ma'ida kuma ta halatta farautar teku da abincinsa. Matsalar tana cikin kasko. Ɗaya daga cikin abincin da suka fi suna a Penang shi ne char kway teow, wata taliyar shinkafa mai faɗi da ake soyawa a wuta mai ƙarfi tare da jatan lande da ƙwai da tsiron wake da ƙananan kawa, wato wasu halittun ruwa masu ɓawo, kuma a yadda Sinawa suka gada da kitsen alade ake soya ta, wasu har da yankakken naman alade a ciki. Ido ba zai nuna maka haka ba, domin abin da za ka gani a faranti taliya ce da jatan lande. Haka kuma wasu masu dafa kifi da tururi sukan zuba masa giyar shinkafa domin ta kashe ƙarni. JAKIM, hukumar gwamnati mai kula da harkokin Musulunci, ita ce ke da tambarin halal na ƙasar, amma ƙananan rumfunan bakin titi mafi yawansu ba su da shi, don haka ƙa'idar da ɗan ƙanwata ya koya mini ita ce mu duba wane ne ke riƙe da kaskon, mu kuma duba su wa ke zaune suna ci. Allon da wasu ke rubutawa cewa babu naman alade babu kitsensa bai kai shaidar hukuma ba, kuma bai ce komai a kan giya ba. Na ci char kway teow ɗina a wurin wani Bamalaye, kuma irin nasu ya fi ruwa-ruwa, yana da ɗan romo mai zaƙi da yaji. Ya yi daɗi, sai dai taliyar ta yi laushi fiye da yadda nake so.

Abincin da ya fara kama ni da gaske shi ne asam laksa, kuma dalili shi ne harshena ya gane shi kafin in san sunansa. Romo ne na kifi da aka dafa har ya dagargaje, aka cire ƙayarsa, aka mayar da tsokar cikin ruwan tare da tsamiya da barkono, sannan a zuba shi a kan taliyar shinkafa mai kauri, a barbaɗa albasa da kokwamba da abarba da na'a-na'a da wani fure mai ƙamshi da suke kira bunga kantan. Tsamin tsamiyar ya tuna mini da kunun azumi, kifin kuwa ɗan uwan wanda muke kira titus ne, sai dai ƙarami. A gefen kwanon akwai cokali ɗauke da wani baƙin abu mai danƙo da aka yi da jatan lande, ana so ka juya shi a cikin romon. Da farko warinsa ya sa na yi jinkiri, amma da na juya shi sai na fahimci aikin daddawa yake yi, wato abin da hanci ke gudu a waje amma miya ba ta cika sai da shi. Suna da wani makamancinsa mai suna belacan, wanda ake yi da ƙananan jatan lande da gishiri a bar su su ruɓa sannan a shanya, kuma shi ne ƙashin bayan yajinsu da ake kira sambal. Duk wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande ya kamata ya san cewa wannan abu yana shiga abinci da yawa, har da waɗanda ake ɗauka ganye ne zalla.

A rana ta uku na yi kuskuren da ya fi ci mini kuɗi, kuma ina ganin wajibi ne in bayyana shi dalla-dalla. Mun je gefen Batu Ferringhi, inda manyan otal-otal suke a bakin ruwa, muka shiga wani babban gidan abinci mai tankunan gilashi jere, kifi da kaguwa suna yawo a ciki. Wurin yana da tsabta, ma'aikatan suna da fara'a, ba ni da ƙorafi a kan wannan. Sai dai farashin da aka rubuta a jikin tankin na giram 100 ne, ni kuma na ɗauka na kaguwa guda ne, kuma babu wanda ya yi mini bayani. An ɗora kaguwa biyu a kan sikeli da igiyoyin da aka ɗaure su da su, a wani lungu da ban ga lambar ba, sannan aka kawo gyaɗa da tawul mai ɗumi waɗanda ban nema ba, na kuma tarar da su a cikin rasit tare da kuɗin hidima da haraji. Abin da na biya a daren ya zarce abin da na kashe a kwana biyun farko gaba ɗaya. Da a ce abincin ya kai kuɗin da ban damu sosai ba, amma an lulluɓe kaguwar da wata miya mai zaƙi da kauri wadda ta danne ɗanɗanonta, ga shi tsokar da ke cikin ɓawon ba ta taka kara ta karya ba. Ba na cewa an zalunce ni, domin farashin a rubuce yake, amma wurin da ke karɓar baƙi kullum ya kamata ya faɗa wa mutum jimillar kuɗin kafin a kai abin wuta.

Washegari da yamma ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, yau ni zan zaɓa," ya kai ni Teluk Tempoyak, wani ƙauyen masunta Malayawa a kudu maso gabashin tsibirin, kusa da Batu Maung. Nan ne na ci abincin da ya sa nake rubuta wannan sharhi. Rumfa ce ta katako da kwano a bakin ruwa, kwale-kwalen masunta a ɗaure a ƙarƙashinta, ana jin hayaƙin gawayi tun daga inda muka ajiye mota. Tsarin wurin shi ne ka je teburin ƙanƙara da kanka, ka ɗauki kwandon roba, ka zaɓi abin da kake so, a auna a gabanka, a faɗa maka kuɗin, sannan a tambaye ka yadda za a dafa shi. Dattijuwar da ke kan sikelin, wadda ɗan ƙanwata yake kira makcik, wato kamar mu ce inna ko gwaggo, ta ga ina juya wani kifi ban san abin da zan duba ba. Sai ta karɓe shi, ta ɗaga murfin kuncinsa ta nuna mini jan da ke ciki, ta danna tsokar da yatsa ta saki, tsokar ta dawo daidai nan take, sannan ta nuna mini idonsa garau ba hazo. Ta ajiye wanda na ɗauka da farko ta miƙo mini wani, alhali kuɗinsu ɗaya.

Mun zaɓi siakap guda, wani farin kifi mai kama da giwan ruwa, da yanki na pari, wato kifin nan mai faɗi kamar faifai da doguwar jela, da jatan lande manya, da sotong, wata halittar ruwa mai laushin jiki da hannuwa da yawa. Gashin da suke kira ikan bakar ya yi kama da aikin mai tsire, amma akwai bambanci guda mai muhimmanci, shi ne ganyen ayaba. Ana tsaga kifin a buɗe shi, a shafe shi da sambal, a shimfiɗa shi a kan ganyen, sannan a ɗora a kan wayar gashi. Ganyen yana ƙonewa a hankali, yana hana tsokar manne wa ƙarfe, yana riƙe ruwan kifin, yana kuma ba shi wani ƙamshi na hayaƙi. Da aka kawo shi gefen ganyen ya yi baƙi, yajin ya daskare a sama, amma da na sa yatsa tsokar ta rabu fara tas tana tururi. Akwai ɗan kwano na ruwan tsamiya da albasa da barkono da ake tsoma kowace loma, shi ke yanke maiƙo da zafin yajin. Pari ya fi ba ni mamaki, domin ba shi da ƙananan ƙayoyi ko kaɗan, guringuntsi ne kawai a tsakiya, tsokar tana zarewa zare-zare, don haka ko yaro zai ci ba tare da fargaba ba. Jatan landen kuwa yana da wani zaƙi na kansa wanda ban taɓa ji a busasshe ba. Sotong ɗin ne kaɗai ya ɗan wuce wuta, ya yi tauri kamar roba a wasu wurare.

Wurin yana da nasa naƙasu. Mun jira kusan awa guda kafin abincin ya iso, domin gashi ɗaya ne ke hidimar dukan teburan. Sauro yana da yawa bayan magariba, kyanwoyi suna zagaya ƙafafu, wurin wanke hannu kuma famfo ɗaya ne da sabulu. Wanda ke son na'urar sanyaya ɗaki da farin ƙyalle a kan tebur ba zai ji daɗin zaman ba. Amma akwai ɗan masallaci kusa, muka yi sallah kafin abinci ya iso, kuma kuɗin da na biya na mutum biyu, har da shinkafa da shayi, bai kai rabin na daren jiya ba.

Abu ɗaya da na mayar shi ne kerang, ƙananan kawa masu jan ruwa a ciki, waɗanda na gwada a wata kasuwar dare a cikin gari. Mutanen wurin suna son a tsoma su a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci kaɗan a fito da su, kusan ɗanye. Irin waɗannan halittu suna tace ruwa ne su ci, don haka duk ƙazantar da ke cikin ruwan tana taruwa a jikinsu, kuma an san cin su ba dahuwa yana iya jawo ciwon hanta nau'in A da gudawa. Na roƙi mai rumfar ya ƙara dafa su, ya yi ba tare da ɓata rai ba, duk da ya nuna cewa za su yi tauri. Sun yi taurin kuwa, amma na ci hankalina kwance, kuma a kwanaki biyar ɗin cikina bai taɓa ɓaci ba, abin da nake dangantawa da cewa ban ci komai ba sai wanda aka sauke daga wuta a gabana.

Nasi kandar, shinkafar Indiyawa Musulmi da ake malale wa miya kala-kala, na ci ta sau biyu a kusa da masallacin Kapitan Keling, da kan kifi da kuɓewa, kuma ita ce mafi sauƙi ga wanda ke tsoron tambaya, domin masu sayar da ita Musulmi ne tun asali. Tana ƙosarwa, amma miyar tana rufe kifin, don haka ba a nan za ka san ɗanɗanon teku ba. A daren da zan bar tsibirin ɗan ƙanwata ya tambaye ni inda nake so mu yi cin bankwana, na ce mu koma wurin makcik, kuma wannan karon ni na ɗaga kuncin kifin da kaina kafin in miƙa mata ta auna.