Kwana 14 ina shan maganin H. pylori: abin da na gani

Kusan shekara uku na yi ina fama da raɗaɗi a ƙahon zuciya, musamman cikin dare in ciki ya zama wayam. Maganin ƙwannafi kam na sha har na gaji, ya lafa kwana biyu, ya dawo. Sai da likita ta sa aka gwada bahayana aka ga Helicobacter pylori (H. pylori), wata ƙwayar cuta mai zama a tumbi, sannan ta rubuta mini haɗin magani uku: omefirazol, amoksisilin da kilaritromaisin, safe da yamma, kwana 14.

Na tambaye ta yadda wata halitta za ta rayu a tumbi duk da zafin asid ɗin da ke ciki. Ta ce ƙwayar wayo gare ta. Tana fitar da wani sinadari da ke juya yuriya ya koma amoniya, sai ya kashe kaifin asid a kewayenta, ita kuma ta murɗa ta nutse cikin yauƙin da ya lulluɓe bangon tumbi. A can take sakin dafin VacA mai huda ramuka a cikin ƙwayoyin halitta, wasu nau'o'inta kuma su tsikara musu furotin CagA da ke rikita aikinsu. Bango ya kumbura, yauƙi ya yi rauni, asid ya samu ƙofa, gyambo ya fito. Tun 1994 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin masu haddasa kansar ciki. Jin wannan ne ya hana ni wasa da maganin.

Shan sa fa ba daɗi. Tun rana ta biyu bakina ya koma ɗaci, kamar na kwana da ƙusa a kan harshe. Aikin kilaritromaisin ne. Ga ɗan zawo. A rana ta biyar raɗaɗin ya ɗauke ɗif, kuma nan tarkon yake, don zuciya sai ta riƙa raya mini cewa ai na warke. Na daure na ƙarasa, tunda yanke shi a tsakiya kan bar masu taurin kai su hayayyafa.

Abin da ya burge ni, an jera ƙwayoyin kowace rana a katinta, safe daban yamma daban, ba a ruɗewa. Abin da ya ba ni haushi, takardar cikin kwalin ba ta ce uffan ba kan sake gwaji. Likita ce ta ce in jira mako huɗu bayan gamawa, in ajiye omefirazol mako biyu kafin ranar, kuma a gwada numfashi ko bahaya, don gwajin jini kan ci gaba da nuna alama ko an warke.

Nawa gwajin ya fito babu ƙwayar. Ba kowa haɗin ke yi wa aiki ba, domin ƙwayar na ƙara bijire wa kilaritromaisin. Irin waɗannan akan koma musu da haɗi huɗu mai bismut, wanda ke baƙanta harshe da bahaya. Ni dai wata biyu ke nan ina barci har asuba.